Kuɗin Waje a Kan Kwanon Gidana

Ranar Talata, mako biyu da suka wuce, na yi awa shida a layin mai. Jarka ɗaya ce a hannuna, ta injin niƙan matata. Lokacin da na shiga layin, kuɗin aljihuna na iya cika ta. Wajen ƙarfe goma wani ya fito da tsani ya sauya farashin da ke allo, kuɗin suka koma na rabin jarka. Da azahar ya sake fitowa da tsanin. Na tambaye shi ko man ne ya ƙara kyau tun safe. Ya ce a'a Baba, canji ne ya tashi. Na ce man nan tun jiya yake kwance a ƙarƙashin ƙasa, wa ya kai masa labarin canji? Ya ɗauki tsaninsa ya wuce. Saura mutum huɗu a zo kaina aka ce mai ya ƙare. Na gode musu. Sun hutar da ni ɗaukar kaya.

Na dawo gida na tarar da tsanina jingine da bango, ƙanin matata a kan rufi, hamar aikina a hannunsa.

Wannan ƙanin nata shekararsa hamsin da biyar. Sarkin Dabara ake ce masa a unguwa. Ya yi kiwon kaji, ya yi dillancin fili, ya sayar da maganin tsiro da gashi alhali nasa kan kamar ƙwai. Ko kujera bai taɓa hawa ba don ya gyara wani abu a gidan nan.

"Sauko," na ce.

"Yaya, sannu da dawowa. An samu man?"

"Sauko."

"Yaya, ka san a ƙarƙashin me kake kwana kuwa?"

"A ƙarƙashin aikina. Sauko. Bi ta kan layin ƙusa, kada ka lotsa mini kwano."

Ya sauko yana haki. Ya buɗe tafin hannunsa a gabana kamar wanda ya tsinto zinariya. Mai-huda ne guda tara.

Yaran yanzu ba su san mai-huda ba, don haka zan yi bayani sau ɗaya. Kuɗin ƙarfe ne na ƙasar da ke tsallaken iyakarmu. Shi ne ɗaya nasu. Fari ne, da rami a tsakiya, ba ya tsatsa. Ni kuma kafinta ne, rufin kwano na fi yi. Mai rufin kwano ba ya aiki sai da washa, wato ɗan faifan da ake zura wa ƙusa a wuya don kada ruwa ya bi ramin ya shiga ɗaki.

Shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, da na zo rufa ɗakin farko na gidan nan, ɗaya namu na sayen washa goma. Ɗaya namun nan kuma na sayen mai-huda arba'in. Ramin mai-huda daidai wuyan ƙusar kwano, kamar an auna. Wannan lissafi ba ya bukatar boko. Na hau keke na tsallaka iyaka da takarda biyu a aljihu, na dawo da jaka tana rinjayar keken. Na yanka tsohon tayar keke na sa a ƙarƙashin kowane ɗaya, na buga. Ɗakin nan shi ne na matata. Har yau ko ɗigo bai taɓa yi ba.

A wancan zamani in ka shiga kasuwar tsallake ka zaro takardarmu, mai shago miƙewa yake. Ya ba ka kujera, ya aika a kawo shayi. Mu kuma mu yi ta yi musu dariya a hanyar dawowa. Mai-huda muke bai wa 'ya'yanmu su yi tayar motar gwangwani. Mata na ɗaure shi a bakin labule don kada iska ta ɗaga. Da bakina na yi dariyar nan, ba zan ɓoye ba.

An ce akwai masana da ke rubuta tarihin kuɗin ƙasashen nan biyu a manyan littattafai, har da zane mai hawa da sauka. Allah ya ba su lada. Nawa tarihin a kan gidana yake, duk mai so ya zo da tsaninsa.

Ɗakin farko, ɗaya namu arba'in nasu. Kowace ƙusa da mai-hudanta, har da na ado a bakin indararo.

Ɗaki na biyu bayan shekara tara na rufa shi. Lokacin Mai Girma Uban Alkawari ne ke riƙe da kuɗin ƙasa. Ya ce takardarmu ta yi ƙanƙanta, shi ya sa duniya ba ta ganin girmanta. Aka buga sabuwa mai faɗin tafin hannu biyu, sai an ninke ta sau uku take shiga aljihu. Teloli suka ji daɗi, kowa ya kai riga a faɗaɗa masa aljihu. A shekarar na tsallaka aka ba ni ashirin. Mai shago bai miƙe ba, amma ya nuna mini kujera da baki.

Kicin, bayan wasu shekara bakwai. Mai Girma na gaba ya ce matsalar hoto ce. Aka cire hoton da ke jikin takardar, aka sa na wata babbar masana'anta mai hayaƙi uku. Na san filin. Har yau awaki ke kiwo a ciki, amma a jikin kuɗi tana aiki dare da rana. Aka ba ni shida. Kujera babu. Na buga mai-huda a ƙusa ɗaya, na tsallake ɗaya. Duk wanda ya hau kicin zai ga inda hannuna ya fara rowa.

Ɗakin ƙarshe, na yara maza, shi na rufa a zamanin Mai Girma Gwanin Almakashi. Shi ya duba ya ga sifili sun yi wa kuɗinmu yawa, ya yanke biyu. Aka yi biki, aka yi jawabi. Mutum ya kwanta da dubu ya tashi da goma, aka ce ya yi murna, kuɗinsa sun yi ƙarfi. Na wata shida ɗaya namu ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗaya nasu. Ban tsallaka ba. Na sayi washar roba a kasuwa kamar kowa. Ɗakin nan shi kaɗai ke yoyo. Sifilin kuma sun dawo da 'yan'uwansu.

Su mutanen tsallake kuwa ragwaye ne. Shekara arba'in ba su yi wa kuɗinsu komai ba. Ba su faɗaɗa ba, ba su sauya hoto ba, ba su kafa kwamiti ba. Mai-hudan da na buga ina saurayi shi ne dai suke sayen gishiri da shi yau. Ƙasa ba hangen nesa. Mu da muke da shugabanni masu aiki, yau sai ka ba da ɗari huɗu namu kafin a ba ka ɗaya nasu.

Wannan lambar ce Sarkin Dabara ya jiyo a wurin ɗan canji, ta hana shi zama.

"Yaya, kowane ɗaya burodi ne fa," ya ce. "Burodi sama da dubu ne a kanka, rana na dukansu."

"Ka ƙirga mai-huda. Ka ƙirga kwano?"

"Kwanon me? Ai cirewa za mu yi mu mayar da washa."

Ga abin da wanda bai taɓa riƙe hama ba ba zai sani ba. Kwanon da ya shekara arba'in ba ya karɓar ƙusa sau biyu. Shi da ƙusar tare suka tsufa. Ka zare ta, bakin ramin ya ɓarke kamar tsohon buhu. Daga nan sai sabon kwano. Sabon kwano daga tsallake ake kawo shi, da kuɗinsu. Duk mai-hudan da ke kan gidana ba za su sayi kashi ɗaya cikin uku na sabon rufi ba. Damina kuma ta kusa, hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma.

Na faɗa masa haka. Sannan na tuna wani abu. Tsanin nan ƙafarsa ɗaya gajera ce, ba a hawansa sai da mai riƙo.

"Wa ya riƙe maka tsani?"

Ya dubi ƙasa. Ya dubi ƙofar kicin.

Matata ta fito tana goge hannu. "Ni ce."

"Ke?"

"Ni. Kwana goma sha ɗaya inji bai yi kuka ba, Malam. Bel ɗin injin ya sha ɗinki har ya gaji. Mai babu. Masu kawo niƙa sun koma gidan can na bayan famfo. Mu kuma muna zaune muna kallon juna."

"Ɗakinki ya taɓa yoyo?"

"Bai taɓa ba."

"Shekara nawa?"

"Malam, ba a dafa rashin yoyo."

Na karɓe mai-huda taran na sa a aljihu, na hau na toshe ramukan da kwalta. Ita ce ta riƙe mini tsanin.

Sarkin Dabara bakinsa ba ya riƙe ruwa. Kafin magariba ya kai labarin teburin mai shayi. Gida goma sha ɗaya na rufa a layinmu a wancan zamani, duk da mai-huda. Ranar Alhamis layin ya koma kamar maƙera. Ko'ina ƙarar hama, ko'ina mutum a sama. Dattawan da ke cewa gwiwa ta hana su zuwa gaisuwa, ga su a kan rufi kamar ƙadangaru. Ina zaune a ƙofar gida ina jin aikina na shekara da shekaru yana ɓarkewa ɗaya bayan ɗaya. Ina iya gane gidan wa ne daga ƙarar.

Maƙwabcina Tela ya zo wucewa da buhu a kafaɗa. Sa'ana ne, tare muka tare a layin.

"Kafinta! Ashe banki ka gina mana ba ka faɗa ba."

"Rufi na yi maka."

"Ɗari uku da sittin na cire. Duba abin da ɗan canji ya ba ni. Sai da na juye shinkafa na samu abin zubawa."

"Hadari fa?"

"Sai nan da sati uku. Rediyo ta faɗa."

"Rediyon da ta ce mai ya wadata?"

"Kai dai ba ka son ganin mutum da buhu. Gobe zan sayi washa in mayar."

"A wane rami?"

Ya ce baƙin ciki ne ke damuna, tsufa kuma ya ƙara masa gishiri. Ya wuce.

Ranar Litinin motoci uku suka shigo layinmu. Baƙaƙe, masu duhun gilashi. Mutum bakwai suka fito don su miƙa mini takarda ɗaya. Ɗaya ya riƙe ta, ɗaya ya riƙe biro, ɗaya ya ɗauki hoto, sauran suka tsaya suna kallon sama. Daga Ofishin Kare Martabar Kuɗin Ƙasa. Tela ya karanta mini, don idona ya daina ganin ƙananan rubutu. Ana zargina da tara kuɗin waje ba izini. In bayyana ranar Laraba. In laifi ya tabbata, za a ƙwace kuɗin cikin kwana bakwai. Na ce Tela ya sake karanta wurin ƙwacewar. Ya sake. Ma'anarsa dai rufin gidana. Sauran gidajen ba a ba su takarda ba, don nasu ya riga ya shige aljihun ɗan canji. Ni da ban taɓa nawa ba, ni ne mai laifi.

Matata ta tsaya a tsakar gida ta daɗe tana kallon kwanon ɗakinta. Ta ce, "Da mun cire da kanmu, da ko bel mun samu." Ta shiga ciki.

Laraba na sa rigata mai kyau na tafi.

Dole in yaba ofishin nan. Bene ne hawa bakwai, shekara biyu da buɗewa. An ce sau uku aka ba da kwangilar rufinsa, wato rufi uku ke kansa, shi ya sa ba mamaki ruwa ke rasa ta inda zai bi sai ciki. A hawa na bakwai, inda aka zaunar da ni, na ƙirga bokiti goma sha huɗu jere a ƙasa, ana jiran damina. Kowane bokiti da lambarsa da hatimin ofis. Akwai wani mutum mai kwat da ke zagayawa da takarda yana duba su. Na'urar sanyi huɗu a bango, ɗaya na aiki. Na ɗaga kai na dubi tabon da ke silin. Layi ne miƙaƙƙe, taku biyu-biyu. Ƙusa ba washa. Ba a dai tambaye ni ba.

A kusurwa akwai akwatin gilashi da aka jera tsofaffin kuɗinmu, don tarihi. Na je na gaishe su. Ga mai faɗin tafi biyu, ga mai masana'anta, ga wadda aka yi wa aski. Duk na taɓa yin gumi a kansu. Suna kwance a jere, kowace da shekarar haihuwa da ta rasuwa.

Sama da akwatin akwai allo. Ɗaya nasu, biyar namu. Farashin gwamnati ke nan. Ba da alli aka rubuta ba, sassaƙa lambar aka yi a katako, aka bi ta da ruwan zinariya. Aiki mai kyau, na shafa na ji. Mai Girma Mai Kujera Mai Juyi, shugaban ofishin, shi ya rantse shekara goma sha huɗu da suka wuce cewa muddin yana kan kujerar nan lambar ba za ta wuce biyar ba. Ya cika alkawari. A allon ba ta wuce ba.

Aka kira ni wurin wani jami'i, sa'an ɗana na uku. Zan kira shi Mai Fayil, don bayan fayil na fara hango hularsa.

"Baba, an ce ka ɓoye kuɗin waje."

"Ban ɓoye ba, ranka ya daɗe. A sama suke. Tantabarun unguwa ma sun sani."

"Guda nawa?"

"Dubu ɗaya da ɗari shida da goma sha biyu. Har da tara da ke aljihuna."

"Ka ƙirga ne?"

"Ni na buga."

Ya buɗe wani littafi ya karanta mini doka. Duk wanda ya riƙe kuɗin waje da darajarsu ta haura dubu goma namu ba tare da izini ba, za a karɓe, a biya shi a farashin gwamnati. Ya jawo na'urar lissafi ya latsa. Ya yi fito.

"Baba, kai ai babban kifi ne. Dubu ɗari shida da arba'in da huɗu da ɗari takwas."

A sana'armu akwai abu ɗaya da ake koya wa mutum tun ranar farko, da mari in ya ƙi ji. Tef ɗin da ka auna bango da shi, da shi za ka auna katako. In ka auna bango da naka, ka auna katako da na aro, ranar ɗorawa za ka yi kuka. Ban san doka ba. Wannan na sani.

"Ranka ya daɗe, nawa ka sa guda?"

"Ɗari huɗu mana."

"Wa ya ce?"

"Haba Baba. Kowa ya sani."

"In kun karɓe, nawa za ku biya ni guda?"

Ya nuna allon ta ƙofa da biro. "Biyar."

"To tef biyu ke nan. Auna ni da biyar."

Ya yi dariya. Ya ga ban yi ba. Ya latsa na'urar. Ya goge, ya sake latsawa. Na riga shi sani, lissafin ƙusa a ka nake yinsa. Dubu takwas da sittin. Bai kai dubu goma ba.

"Baba, ba haka ake yi ba."

"To yi yadda ake yi. Rubuta ɗari huɗu a fayil ɗin nan. Ka sa hannu, ka buga hatimi, ka ba ni kwafi. Ni da kaina zan hau in sauke muku kwanon, ba sai kun ƙona man mota uku ba."

Ya dubi fayil. Ya dubi ƙofa. Ya ce in jira, ya ɗauki fayil ɗin ya fita. Na jira awa biyu. Na'urar sanyin da ke aiki ita ma ta tsaya. Mai kwat ya shigo ya gyara wa bokiti lamba tara zama, ya rubuta wani abu, ya fita.

Mai Fayil ya dawo ya rufe ƙofa. Ya sassauta murya.

"Baba, ka ga mai kwat ɗin can?"

"Na gani."

"Mataimakin darakta ne. Bara ya rubuta farashin kasuwa a takardar ofis, bisa kuskure. Shi ne aka ba shi bokitai."

"Yana kula da su da kyau."

"Ina da yara uku, Baba."

"Allah ya raya. Ni ina da rufi ɗaya."

Ya zauna ya rubuta takarda. Cewa an bincika, an tabbatar mai wannan gida na riƙe da kuɗin waje na dubu takwas da sittin kacal, bisa sahihin farashin gwamnati, don haka ba shi da laifi. Ya buga hatimi biyu. Na ninke na sa a aljihu. Tun da na zo, na ce bari in gwada sa'ata. Na zaro dubu ɗaya daga kuɗin man da ban samu ba, na ɗora a tebur.

"Tun da biyar ne, ba ni ɗari biyu."

"Sun ƙare, Baba."

"Yaushe?"

"Tun kafin in fara aiki."

Ya raka ni har bakin matakala, don lif ba ta aiki. A can ya ja hannun rigata.

"Baba, gidan mahaifiyata tsohon rufi ne. Yaya ake gane mai-huda daga ƙasa?"

"Yana yoyo?"

"A'a."

"To ka bar tsohuwa ta kwana."

Na dawo gida na shimfiɗa wa matata takardar a kan tabarma. Na ce rufinta ya tsira, ga hatimi biyu. Ta ɗauka ta juya gaba da baya. Ta ce ta gode. Sannan ta ce, "Ana zuba ta a inji?"

Wannan tsohuwa ba ta taɓa barin mutum ya ji daɗin nasararsa har ya huce ba. Amma gaskiyarta ne.

A bayan gida akwai rumfar aikina. Ita na fara rufawa, tun kafin ɗaki. Bencina na ƙarƙashinta, shekararsa arba'in da biyar, kowane sara da ke jikinsa na san ranar da aka yi shi. Mai-huda ɗari da arba'in ne a kan rumfar. Aiki ya yi ƙaranci, ido ma ya ragu, amma kullum da safe nan nake zama in wasa ƙarafuna. Alhamis da hantsi na aika aka kira Sarkin Dabara.

"Yaya, ka sauko ke nan! Na ce ai za ka gane. Ba ni hamar."

"Riƙe tsani. Shi ne daidai kai."

Na cire su ɗaya bayan ɗaya. Kwanon na ɓarkewa a hannuna kamar yadda na faɗa. Na haɗa da taran aljihu na miƙa wa matata a cikin hulata. Ta je wurin ɗan canji da kanta, don ba ta yarda da ƙaninta ba, ni ma ban ce ta yarda ba. Ta sayi sabon bel. Ta sayi mai a hannun masu jarka na bakin titi, waɗanda nasu ba ya ƙarewa. Da la'asar inji ya yi kuka. Na kwashe zarto da hama da sauran ƙarafuna na tura ƙarƙashin gado. Benci bai shiga ta ƙofa ba. Na bar shi a inda yake.

Asabar da rana tsaka ruwa ya sauko. Ba yayyafi ba, ruwa na gaske, irin mai zuwa a karkace. Ba a yi minti goma ba aka buga ƙofa. Tela ne, keken ɗinki a ka, matarsa a baya da katifa, surukarsa da tukunya.

"Kafinta, a taimaka."

"Rediyo ta ce sai sati uku."

"Bar wannan maganar. Ɗakina ya zama rariya."

"Washar fa?"

"Na je. Ta ninka biyu. Kwano ya ninka uku. Na ce bari in jira ya sauko."

"Buhun fa?"

"Yana kan kabad. Shi ma ya jiƙe."

Na matsa suka shiga. Kafin la'asar gida huɗu ne a cikin ɗakin matata da na biyu. Mutum a kan mutum, kekunan ɗinki, buhunan gari, wata tsohuwa da kazarta. Kowa na sauraren ruwa na dukan kwano yana wucewa. Tela ya ɗaga kai ya daɗe yana dubawa, ko zai ga ɗigo ya samu abin faɗa. Bai samu ba. Sau ɗaya na leƙa ta taga wajen rumfa. Ruwa na zuba a kan benci ta rami ɗari da arba'in. Na sake labulen. Matata ta miƙo mini shayi, ta sa sukari cokali biyu, abin da ta hana ni tun bara.

Yanzu ga dalilin rubutun nan. Jiya na ji a rediyo wai wasu masana sun taso Mai Girma Mai Kujera Mai Juyi a gaba. Wai ya sauke allon nan, ya rubuta farashin da kowa ya sani. Wai lokacin faɗin gaskiya ya yi. Waɗannan mutane ba su da tausayi. Ranar da aka rubuta ɗari huɗu a allon nan, takardata ta zama ta ƙunshe ƙusa, motoci uku kuma sun san hanyar gidana.

Don haka, ranka ya daɗe, kada ka saurare su. Shekara goma sha huɗu ka riƙe biyar, ba ka gaji ba. Na rayu a ƙarƙashin alkawuran manya iri-iri, naka ne kaɗai ya taɓa tare mini ruwa, ni da gida huɗu da kaza. In gaskiyar ta zama dole, a bari sai rani. In kuma allon ne ya fara rawa a bango, a aiko mini. Kyauta zan ƙara masa ƙusa.